Edwin Jackson, mai jifa a wasan besbol

Edwin Jackson Jr. tsohon ɗan wasan ƙwallon besbol ne ɗan ƙasar Amurka, wanda aka haifa ranar 9 ga Satumba, 1983. Ya yi shekara 17 yana jifa a babban rukunin besbol na Amurka da Kanada, wato MLB, daga 2003 zuwa 2019, kuma da hannun dama yake jifa. An fi saninsa da yawan ƙungiyoyin da ya yi wa wasa, domin ya sa rigar 14 daga cikin ƙungiyoyi 30 da ke rukunin, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafinsa. A cikin wannan yawo nasa ya shiga wasan taurari na 2009, ya kammala wasa sukutum a 2010 ba a samu ko bugu ɗaya mai amfani a kansa ba, ya ɗauki kofin World Series, wato jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran rukunin, tare da St. Louis Cardinals a 2011, sannan ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Tokyo.

Aikinsa a fili

Mai jifa yana tsayawa ne a kan ɗan tudun ƙasa da ke tsakiyar fili, mita 18.44 daga inda mai bugu yake riƙe da sanda. Idan ya jefa ƙwallo daidai sau uku mai bugu ya kasa yin komai da ita, mai bugun ya fita. Idan kuwa ya baude sau huɗu, to mai bugu ya samu tafiya zango na farko a kyauta. Wasa zagaye tara ne, kuma ana auna mai jifa da matsakaicin makin da ake cinsa a kowane zagaye tara, wanda yawansa alama ce ta rauni. Jackson yana da ƙarfin hannu, jifarsa ta sauri tana kaiwa wajen mil 95 a awa a lokacin da yake ganiyarsa, yana kuma da wata jifa mai zamewa gefe gab da ta isa ga mai bugu. Abin da ya rasa shi ne saiti mai ɗorewa, kuma a kan waɗannan halaye biyu, ƙarfin da ke sa a nemo shi da rashin saitin da ke sa a rabu da shi, rayuwarsa ta wasa ta tafi tun daga farko har ƙarshe.

Asali da farkon wasa

An haife shi a garin Neu-Ulm da ke Jamus ta Yamma, inda mahaifinsa yake aikin soja a rundunar Amurka. Ya tashi a Columbus ta jihar Jojiya, ya yi sakandare a makarantar Shaw. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2001, ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta ɗauke shi a zagaye na shida. A makaranta ya fi yin wasa a matsayin mai tsaron bayan fili, amma da masu horarwa suka ga ƙarfin hannunsa sai suka mai da shi mai jifa, bai kuma daɗe a ƙananan rukunai ba.

Wasansa na farko a babban rukuni ya faɗo daidai ranar da ya cika shekara 20, wato 9 ga Satumba, 2003. Abokin karawarsa a ranar shi ne Randy Johnson na Arizona Diamondbacks, wanda a lokacin ya riga ya karɓi kyautar gwarzon mai jifa ta Cy Young har sau biyar. Jackson ya yi zagaye shida, maki ɗaya kacal aka ci shi, Dodgers suka yi nasara. Kafin kakar 2004 mujallar Baseball America ta sa shi na huɗu a jerin matasan da ake sa wa rai a duk faɗin wasan. Abin bai tafi yadda aka zata ba. Shekara biyu ya yi yana kai-komo tsakanin babban rukuni da ƙarami, har a Janairun 2006 Dodgers suka miƙa shi ga Tampa Bay a musayar da ta kawo musu Danys Báez da Lance Carter.

Tampa Bay da Detroit

A 2007 ya ci wasa 5 ya faɗi 15. Shekara ta zagayo ya ci 14 ya faɗi 11, a kakar da Tampa Bay, wadda ta saba zama a ƙasan tebur, ta kai har World Series. A wasannin ƙarshen ba a ba shi fara wasa ba, sai dai ya shigo canji, kuma a wasa na huɗu Joe Blanton na Philadelphia Phillies, wanda shi ma mai jifa ne ba gwanin bugu ba, ya dako ƙwallonsa ta tsallake katanga, abin da wani mai jifa bai yi a World Series ba tun 1974. Phillies suka ɗauki kofin. A Disambar 2008 aka yi musayarsa da Matt Joyce na Detroit Tigers.

Kakar 2009 ita ce mafi kyau a rayuwarsa ta mai fara wasa: nasara 13, faɗuwa 9, matsakaicin maki 3.62, a zagaye 214, ga kuma gurbi a wasan taurari. Duk da haka Detroit ba ta riƙe shi ba. A Disambar shekarar aka ƙulla ciniki tsakanin ƙungiyoyi uku, Curtis Granderson ya tafi New York Yankees, Jackson da Ian Kennedy suka nufi Arizona, Detroit kuwa ta samu Max Scherzer da Austin Jackson da wasu mutum biyu. Scherzer ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifa na zamaninsa, shi ya sa galibi idan ana tuna wannan ciniki sunansa ake fara kira.

Wasan 25 ga Yuni, 2010

Wasan da ya fi fito da sunan Jackson an yi shi ne a filin Tropicana, gidan tsohuwar ƙungiyarsa ta Tampa Bay. Ya fara wasan cikin rikicewa, ƙwallo na baude masa, kuma mafi yawan mutum takwas ɗin da ya bai wa tafiya kyauta a ranar a zagaye uku na farko ya ba su. A zagaye na uku har zangunan uku suka cika da 'yan Tampa Bay, amma ya fita daga tarkon ba a ci shi maki ba. Daga nan hannunsa ya faɗa. Adam LaRoche ya ci wa Arizona maki ɗaya da bugun da ya tsallake katanga, kuma wannan makin shi kaɗai aka gani a allo har aka tashi, 1 da 0.

Jackson ya fitar da mutum shida da jifa, ya doki mutum ɗaya da ƙwallo, ya kuma yi jifa 149 kafin ya kammala. Wannan adadi shi ya jawo ka-ce-na-ce, domin a wannan zamani akan sauke mai fara wasa ne idan ya kai wajen jifa 100, don kare kafaɗa da gwiwar hannu. Mai horarwa A.J. Hinch ya bar shi ya ƙarasa. Wasu suka ce ganganci ne da lafiyar ɗan wasa, wasu suka ce irin wannan dama ba ta zuwa wa mutum sau biyu. Shi ne karo na biyu a tarihin Arizona da mai jifarta ya kammala wasa ba a samu ko bugu ɗaya mai amfani a kansa ba, na farkon kuwa Randy Johnson ne ya yi shi a 2004, mutumin da Jackson ya doke a ranarsa ta farko. Mako guda bai cika ba aka sallami Hinch saboda rashin nasarar ƙungiyar a kakar, shi ma Jackson a ƙarshen Yuli aka miƙa shi ga Chicago White Sox, Arizona ta karɓi Daniel Hudson da David Holmberg.

Kofin 2011

Ranar 27 ga Yuli, 2011, an yi cinikinsa sau biyu kafin rana ta faɗi. White Sox suka tura shi Toronto Blue Jays, ita kuma ba tare da ya sa rigarta ba ta haɗa shi da Octavio Dotel da Marc Rzepczynski da Corey Patterson ta aika wa St. Louis Cardinals, ta karɓi Colby Rasmus da wasu. St. Louis ta shiga wasannin ƙarshe da ƙyar, a ranar rufe kaka. Jackson ya ci mata wasa na huɗu a karawa da Philadelphia, a lokacin da faɗuwa ɗaya za ta kora ta gida. A World Series ya fara wasa na huɗu da Texas Rangers, tsohon ciwonsa na rashin saiti ya tashi, ya bai wa mutum bakwai tafiya kyauta, aka doke su 4 da 0. Cardinals dai suka ɗauki kofin a wasa na bakwai.

Washington da kwantaragin Chicago Cubs

A 2012 ya sa hannu a kwantaragin shekara ɗaya na dala miliyan 11 da Washington Nationals, ya ci wasa 10 ya faɗi 11. A farkon 2013 Chicago Cubs ta ba shi shekara huɗu a kan dala miliyan 52, kwantaragi mafi tsawo da ya taɓa samu, aka ɗauka ɗan ci-rani ya samu wurin zama. Kakar farko ya faɗi wasa 18, fiye da kowane mai jifa a shekarar. A ta biyu ya ci 6 ya faɗi 15, matsakaicin makinsa ya haura 6. Aka mayar da shi cikin masu shigowa canji, sannan a Yulin 2015 aka sallame shi da sauran kuɗinsa a wuyan ƙungiyar, ta yadda lokacin da Cubs ta ɗauki kofi a 2016, karo na farko tun 1908, tana cikin biyansa albashi ne yana wasa a wani wuri. Masu sharhi a Chicago sun lissafa kwantaragin cikin kurakuran shugabannin ƙungiyar na wancan lokaci.

Shekarun ƙarshe

Daga nan zamansa ya koma na watanni. Ya ƙarasa 2015 a Atlanta Braves, ya raba 2016 tsakanin Miami Marlins da San Diego Padres, ya raba 2017 tsakanin Baltimore Orioles da Washington. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi kwantaragin ƙaramin rukuni suke ba shi, su kira shi idan wani ya ji rauni, domin mutum ne da bai cika kwanciya jinya ba, kuma yana iya fara wasa ko ya shigo canji, duk wanda aka buƙata. A 2018 ya farfaɗo a Oakland Athletics, ya ci 6 ya faɗi 3 da matsakaicin maki 3.33, ƙungiyar ta kai wasannin ƙarshe. A 2019 ya yi wa Toronto da Detroit wasa, ya sha duka ƙwarai a duka biyun, kuma daga nan bai sake jifa a babban rukuni ba.

A gasar Olamfik ta Tokyo, wadda annobar korona ta ɗage zuwa 2021, yana cikin tawagar Amurka da Mike Scioscia ya jagoranta, wadda Japan ta doke 2 da 0 a wasan ƙarshe a Yokohama. Ya sanar da ritayarsa a Satumbar 2022. Jimillar wasanninsa nasara 107 ce da faɗuwa 133, matsakaicin maki 4.78, ya kuma fitar da mutum 1,508 da jifa.

Tarihin yawan ƙungiyoyi

An daɗe adadin yana tsaye a kan 12, wanda Mike Morgan da Ron Villone da Matt Stairs suka kai. Octavio Dotel, abokin tafiyar Jackson a cinikin 2011, ya kai 13 da ya shiga Detroit a 2012. Jackson ya cim masa ranar 25 ga Yuni, 2018, a wasansa na farko da Oakland, shekara takwas cif da wasan Tropicana. Ya wuce shi ranar 15 ga Mayu, 2019, lokacin da ya fara wa Toronto, ƙungiyar da ta mallake shi na 'yan sa'o'i a 2011, wasa a San Francisco. Ba a ƙirga Washington da Detroit sau biyu ba, ko da yake ya zauna a kowacce karo biyu. Dotel ya rasu a Afrilun 2025 a rushewar rufin wani gidan rawa a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika. A Yulin 2025 Rich Hill, mai jifa da hannun hagu, ya kai ƙungiya ta 14 da ya yi wa Kansas City Royals wasa yana ɗan shekara 45.