Waiwaye: Yadda masu kutse ke gano kalmar sirrin da aka dagula

A 1962, wani ɗalibin jami'ar MIT a Amurka, Allan Scherr, ya sa kwamfutar CTSS ta buga masa takardar da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, domin a fili ake ajiye su. Maganin da Roger Needham ya fito da shi a Kambirij a shekarun 1960 shi ake kai har yau: kada a ajiye kalmar, a ajiye hash ɗinta, wato sakamakon lissafin da ba ya komawa baya. Gero in an niƙa shi ba ya sake zama tsaba. Idan mutum ya zo shiga, a lissafa abin da ya rubuta, a gwama da na ajiye.

Ɓarawon da ya kwashi rumbun bayanai ba warware lissafin yake yi ba. Canka yake yi, ya lissafa, ya gwama, sau biliyoyi, a kan tasa na'urar, inda babu mai kulle shi bayan kuskure uku.

Robert Morris da Ken Thompson sun nuna girman haɗarin a 1979: kashi 86 cikin 100 na kalmomi 3,289 da suka bincika masu sauƙin canka ne. Shi ya sa Unix, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta, ta ƙara gishiri, wato alamomin da ake cakuɗa wa kowace kalma kafin lissafi, yadda mutum biyu masu kalma ɗaya ba za su sami hash ɗaya ba. Gishiri ne ya kashe teburan hash da maharan ke lissafawa tun da wuri, irin waɗanda Philippe Oechslin ya inganta a 2003. Duk da haka a 2012 aka ga hash miliyan 6.5 na LinkedIn a waje, an yi su da lissafin SHA-1 ba gishiri.

Amma gishiri ba ya rage gudu, kuma nan ne gizo ke saƙar. MD5 da SHA-1, hanyoyin lissafa hash, don sauri aka ƙera su. GPU guda na zamani, wato katin sarrafa hoto na kwamfuta, da manhajar canka kalmomin sirri ta Hashcat, yana gwada MD5 sama da biliyan 100 a sakan ɗaya. Ƙananan haruffa 8 suna ba da haɗi kusan biliyan 209 ne kacal. Lambar waya kuwa, wadda mutane da yawa a Katsina ke sawa a matsayin kalmar sirri a Facebook da imel, ta fi muni: duk lambobin da suka fara da 070, 080, 081, 090 da 091 miliyan 500 ne. Maharin kan fara da jerin RockYou, kalmomin sirri kusan miliyan 14 da aka sace daga wani shafi a 2009, ya ƙara sunayen garuruwa da na mutane, ya sa manhaja ta liƙa shekara a ƙarshe. Katsina2024 ko Daura123 ba sa kai ko'ina.

Saboda haka aka koma ga lissafi mai jinkiri da gangan: bcrypt a 1999, scrypt a 2009, sai Argon2 da ya ci gasar 2015, wanda ke cin ƙwaƙwalwar na'ura har GPU ya rasa fifikonsa.

Abin damuwa shi ne har yanzu ana samun matasa masu gina wa makarantu da ƙungiyoyi shafuka a Katsina da Daura suna kwafo md5 daga tsofaffin darussa, alhali PHP, harshen da ake gina shafuka da shi, na da password_hash mai amfani da bcrypt tun 2013. Wanda ya gaji irin wannan rumbu ya lulluɓe kowane tsohon hash da bcrypt yanzu, sannan ya sauya shi gaba ɗaya ranar da mai kalmar ya sake shiga.