Saƙonnin Raino Ta Waya: Amsoshin Da Na Gaji Da Maimaitawa

Wai waya ce za ta koya mini raino?

A'a. Tuni take yi miki: ranar riga-kafi, lokacin fara kunu, wasan da ya dace da ɗan wata tara. Goyo da tashin dare suna nan a wuyanki.

Sai da babbar waya?

Ko 'yar tocila ta isa. A Indiya akwai Kilkari, kira ne na murya sau ɗaya a mako, saƙo 72 tun ciki na wata huɗu har yaro ya shekara, kyauta. Afirka ta Kudu ma da saƙon tes ta fara MomConnect, shirinta na tura wa masu ciki saƙonni, a 2014.

In miƙa wa yaron wayar ya yi shiru?

Haba 'yar'uwa! Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 yana kallon waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Saƙon ke aka turo wa.

Saƙo ya ce ban da ruwa har wata shida, uwar mijina ta ce zafin bazara zai ƙone jaririn. Wa zan bi?

To, nan sai a hankali. Saƙon ya yi gaskiya: fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan randa na iya jawo gudawa, ya cika ɗan cikin har jariri ya rage tsotso. Amma kada ki kai wa Hajiya waya gaban fuska kamar kin kawo sammaci. Ta raini 'ya'ya kafin a haife ki, tsoro ne ke sa ta magana. Idan saƙon murya ne, ki kunna a tsakar gida lokacin da take tsinkar zogale, ta ji da kunnenta. Ki sa maigida ya saurara, ko ki roƙe ta ta raka ki awo, malamar asibiti ta yi mata bayani. Wani lokacin ya yi aiki, wani lokacin sai an maimaita sau uku. Ke dai ki yawaita ba shi nono, ki sha ruwa sosai, ki riƙa duba fitsarinsa. In ya ragu ƙwarai, ko maɗigarsa ta faɗa, wannan ya wuce maganar suruka, sai asibiti.

Yaro na jijjiga, in tura saƙo in jira amsa?

Ajiye wayar nan ki kai shi asibiti yanzu.