Mayar da marar lafiya wani asibiti a Amurka: me dokar EMTALA ta ce?

Maganganu biyu ke yawo tsakanin mutanenmu mazauna Amurka da masu zuwa ziyara. Wasu na cewa in ba ka da inshorar lafiya ko takardun zama, kana shiga sashen gaggawa za a saka ka a motar asibiti a kai ka wani wuri don a rabu da kai. Wasu kuma sun ce doka ta hana mayar da marar lafiya wani asibiti kwata-kwata. Duka biyun ba haka suke ba, kuma ta farkon ta fi damuna, don ita ke sa mutum ya kwana a gida da ciwon ƙirji yana tsoron fita.

Majalisar dokokin Amurka ta yi dokar EMTALA, wato dokar kula da marar lafiya na gaggawa da mace mai naƙuda, a 1986, bayan an daɗe ana kuka da asibitocin kuɗi masu tura talaka asibitin gwamnati tun jini na zuba. Ta hau kan duk asibitin da ke da sashen gaggawa kuma yake karɓar kuɗin Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya ga tsofaffi da naƙasassu, wato kusan dukkan asibitoci ke nan. Ta kare ɗan ƙasa da baƙo, mai inshora da marar ita. Dole a duba ka, kuma ba a jinkirta dubawar don tambayar wa zai biya.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sharaɗin daidaita yanayin marar lafiya kafin a ɗauke shi. Ba a ce sai ya warke ba. Abin nufi a yi masa magani har likita ya gamsu cewa tafiyar ba za ta ƙara dagula ciwon ba. Mace mai naƙuda kuwa sai ta haihu, mabiyiya ta fita. In ba a kai ga haka ba, hanya biyu ce kawai: ko marar lafiyar ya nema a rubuce bayan an bayyana masa haɗarin, ko likita ya sa hannu cewa amfanin da ke can ya rinjayi haɗarin hanya. Wanda ya ƙone ƙwarai aka kawo shi ƙaramin asibiti, riƙe shi a nan shi ne cutarwar.

Sa hannun ma bai isa ba. Sai asibitin can ya amsa cewa yana da gado da ma'aikata. Sai a haɗa marar lafiyar da takardunsa da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi masa, a kuma tafi da shi da ma'aikata da kayan aikin da ciwonsa ke buƙata. Wanda ke kan iskar oksijin, ga ƙarin ruwa a hannu, ba a ce wa ɗan'uwansa ya sa shi a bayan mota. Asibitin da ke da sashe na musamman, irin na ƙuna ko na bakwaini, ba shi da ikon ƙin karɓa muddin yana da wuri.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Dokar ta sa tarar da ta kai dala 50,000 kan kowane laifi, ko 25,000 ga asibitin da gadajensa ba su kai 100 ba, kuma ana ɗaga ta saboda hauhawar farashi har ta manyan asibitoci ta haura dala 100,000. Likitan ma ana iya cin tararsa shi kaɗai. Abin da asibitoci suka fi tsoro shi ne a cire su daga Medicare. Wanda aka cutar kuma yana da shekara 2 ya kai asibitin ƙara.

Amma dokar ba ta ce magani kyauta ne ba. Takardar biyan kuɗi za ta biyo ka gida. Da zarar an daidaita yanayinka kuma, kariyar ta ƙare, don haka mai ciwon daji da ke buƙatar magani wata da watanni bai samu komai a cikinta ba sai ranar da ciwon ya kayar da shi. A ganina wannan babban giɓi ne, kuma talakan da aka yi dokar dominsa ne ke faɗawa ciki.