Waiwaye: Yadda Littattafan Soyayya Suka Samu Shiga Jami'a

A da, in ana maganar ƙagaggun labaran Hausa a aji, da wuya a wuce Ruwan Bagaja da takwarorinsa na gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai matasa, galibi a Kano, suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, domin tattalin arziki ya karye, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya kuma ya yi sanyi. 'Yan ƙananan littattafai ne masu arhar takarda, a raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a sayar ko a ba da haya. Ɗaya kan zaga gidaje har bangonsa ya yage.

Malamai da dama sun yi musu kallon hadarin kaji. Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan Turanci da aka riƙa sayarwa a kasuwar Onitsha, yana ganin yayi ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu ya ce bai yarda ba. Aka yi ta fafatawa a jaridu a shekarun 1990, musamman a filin adabi da Ibrahim Sheme ke kula da shi a New Nigerian. Wannan cacar baki ita ta buɗe ƙofa, domin ko mai suka sai ya karanta kafin ya soka.

Daga waje ma an leƙo. Brian Larkin ya yi nazari a 1997 kan alaƙarsu da finafinan Indiya, Graham Furniss ya tara su a jami'ar SOAS ta Landan, Novian Whitsitt kuma ya duƙufa kan rubutun Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. A nan, a ganina, amfanin nazarin ya fi fitowa. Auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta: mata sun faɗe su da bakinsu a waɗannan shafuka fiye da yadda wani rahoton hukuma ya taɓa yi. Akwai tarkace a ciki, ba musu, amma wane adabi ne babu?

Ba kowa ya sauko ba. A 2007 an ƙona wasu littattafan a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. A 2012 kuma aka buga fassarar Turanci ta littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, a Indiya.

Yanzu rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, ana kuma karanta shi a YouTube. Ɗalibin da ya zo nazari sai ya tarar marubuciya ta goge shafinta, ko an rufe zauren da labarin ya fito.