Ma'anar wakilin suna da nauyin da yake ɗauka a magana da waƙa

Wakilin suna shi ne kalmar da ke tsayawa a gurbin suna don kada a yi ta maimaita shi. Haka ake koya wa yara tun firamare, kuma gaskiya ne, amma wannan kaɗan ne daga aikinsa. A Hausa wakilin suna yakan nuna jinsi da adadi, yakan nuna lokacin da aka yi aiki, yakan ɗaga mutum ko ya sauke shi, kuma da shi ake ɓoye mai laifi.

Masu tsayawa da ƙafarsu takwas ne: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Jinsi yana fitowa ne a tilo kaɗai, tsakanin kai da ke, da tsakanin shi da ita. Da an shiga jam'i ya ɓace. Akwai kuma waɗanda ke zuwa gaban aikatau, waɗanda masu nahawu ke kira zagi, irin su na, ka, kin, ya, ta, mun, sun. A nan ne ake samun na tara, wato a, an, aka, wanda ba ya nuna kowa. Mallaka kuwa jinsi biyu take ɗauka a kalma guda. A cikin "taka", ta ɗin farko ta abin da aka mallaka ce, ka ɗin ta mai abin ce. Shi ya sa ake ce wa namiji "gonar taka ce", a ce wa mace "gidan naki ne".

Babbar matsala ga mai rubutu tana cikin zagi. Ɗauki "ya zo". A baki, ma'ana huɗu ke nan, kuma kunne yana rarrabe su da karin sauti da tsawon wasali. In aka ja wasalin da sauti sama, aiki ya auku. In aka gajarta shi da sauti ƙasa, umurni ne ko fata, kamar a "ka ce masa ya zo". In aka gajarta da sauti sama, shi ne na cikin labari ko bayan tambaya: "wa ya zo?" In kuma sautin ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, alkawari ne ko gargaɗi, zuwan yana nan gaba. Daidaitacciyar Hausa ba ta rubuta karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka duk huɗun suka zama haruffa biyu iri ɗaya a takarda.

Hausar da ake yi a Gwandu da Argungu da Talata Mafara da Anka ta raba wannan gardama tun a baki. Mutumin can zai ce "ya zo" ga abin da ya auku, ya ce "shi zo" ga umurni, ya ce "da yaz zo" a cikin labari. Haka "tat tahi", "mi kac ce", "munka", "kunka", "sunka", "anka". Yana cewa "shina" a gurbin yana, "gidanai" a gurbin gidansa, "matatai" a gurbin matarsa, "ya yi muna" a gurbin ya yi mana. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO dole ya koma daidaitacciya, wannan ba gardama. Kuskuren malami shi ne ya nuna wa yaro cewa "yaz zo" gurɓatacciyar Hausa ce. Tsari ne cikakke mai ƙa'ida: baƙin farko na aikatau ake ninkawa a manna wa zagi, shi ya sa ake samun yaz zo, yat tashi, yak kama.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen juyar da waƙar baka zuwa rubutu. Makaɗan fada da na noma da na dambe na wannan yanki da Hausarsu suka yi waƙa, kuma karin waƙa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. "Sunka" tana farawa da gaɓa mai nauyi, "suka" da marar nauyi. "Yaz" mai nauyi ce, "ya" ɗin da ke madadinta marar nauyi ce. "Gidanai" ta ƙare da gaɓa mai nauyi da amon ai, "gidansa" ta ƙare da gajeren a. Ɗalibin da ya zauna da kaset ya mayar da waɗannan zuwa Hausar littafi yana ganin gyara ya yi, alhali ya karya kari, ya ɓata amsa-amo, wani lokaci har ya mayar da addu'a labari. "Allah shi ja zamaninka" roƙo ne wanda ba ya rikita kowa. A rubuta abin da makaɗi ya faɗa yadda ya faɗe shi, in ana son fassara zuwa daidaitacciya a sa ta a ƙasa.

Cikin waƙar kanta, mai nazari ya kula da inda makaɗi ke sauya wakilin suna. Yakan fara da "shi", yana ba jama'a labarin ubangidansa da kakanninsa. Sai ya juyo ya ce "kai", nan take ya zama yana gaban sarki yana kirari ko roƙo. Sai ya ce "ni", ya wasa kansa. In ya zo habaici kuwa sai ya bar suna gaba ɗaya ya kama "wani" da "wane" da "wasu". Duk wanda ke fada ya san wa ake nufi, amma ba mai iya kai ƙara, tunda ba a kira sunan kowa ba. Wanda ya tanka shi ya tona kansa.

Su kuwa "a" da "an", aikinsu ya fi a ƙirga. Da su ake girmamawa: ƙaramin yaro ko baƙo zai ce wa dattijo "an kwana lahiya?" don ya kauce wa tsirarar "ka". Da su ake rufa asiri: uwa ta ce "an fasa tulu" alhali ta ga wanda ya fasa. Da su ake tsawatarwa ba tare da nuna yatsa ba: "a dai yi hankali." Kuma da su ake yaɗa jita-jita, domin "an ce" ba ta da uba. Mai rubuta rahoto ya tsaya a kan kowace "an ce" ya tambayi kansa wa ya ce. Kusa da wannan akwai kunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, sai "shi" ko "maigida" ko "yaron nan". Marubucin da ya sa matar ƙauye tana kiran mijinta da sunan yanka a gaban surukarta ya faɗi wani abu game da tarbiyyarta, ko ya yi nufin haka ko bai yi ba.

Akwai wata "ta" da ba ta wakiltar sunan da aka ambata: ta faru, ta ɓaci, ta fi ƙarfina, a yi ta ta ƙare. Al'amari ko magana ake nufi, kowa ya gane. Garuruwa ma mata ne a nahawu, shi ya sa Gusau "ta" cika, Yauri "ta" yi baƙi. Duniya ma "ta" ce, kuma wannan ya buɗe wa masu waƙoƙin wa'azi hanyar siffanta ta da mace mai yaudara.

A zube, kurakurai uku suka fi yawa. Na farko harshen damo: "Bello ya ce wa Garba ya sayar da gonarsa." Wa ya sayar, gonar wa, kuma an sayar ne ko umurni ake bayarwa? Maganinsa a kawo maganar kai tsaye, "Bello ya ce: sayar da gonarka", ko a ƙara suna, "shi Bello". A takardar shaidar ciniki ko gado irin wannan jimla tana iya kai 'yan'uwa gaban alƙali. Na biyu zamewar murya, wanda ya yi yawa a labaran da ake rabawa ta WhatsApp: a fara babi da "na shiga ɗaki", tsakiya a koma "ta zauna bakin gado", mai karatu ya ɗauka mutum biyu ne. Mai ba da labari da "na" ba ya iya sanin abin da ke zuciyar wani ko abin da aka yi bayan idonsa, sai an gaya masa.

Na uku rabawa da haɗawa. Wakilin suna na mallaka gajere ana manna shi: gidansa, motarta, garinmu. Wanda aiki ya faɗa wa kuwa ana raba shi da aikatau: ya gan shi, ta kira su, mun ba ku. Wanda ya manna ya rubuta "ya kamata" a inda yake nufin "ya kama ta", ko "ya sata" a inda yake nufin "ya sa ta".