Kondrosarkoma: sankarar guringuntsi a jikin kare

Wanda ya kai karensa asibitin dabbobi saboda wani ƙullutu a haƙarƙari, mai tauri kamar dutse, wanda ko an danna shi da yatsa ba ya gocewa, yana iya jin likita ya ambaci kondrosarkoma. Daga harshen Girka aka haɗo sunan: "kondros" shi ne guringuntsi, "sarkoma" kuma mugun tsiro ne a nama ko ƙashi. Wato ciwon daji ne da ƙwayoyinsa ke ta ƙera guringuntsi ba ƙaƙƙautawa, suna cin ƙashin da suka zauna a kai.

Ba kasafai ake ganinsa ba. A cikin karnuka 100 da sankara ta fara musu daga ƙashi, kusan 85 ostiyosarkoma ce, wadda ta fi kama ƙafafun manyan karnuka, ta kuma yi saurin bazuwa zuwa huhu. Kondrosarkoma ba ta wuce 5 zuwa 10 ba, kuma ta fi son faffaɗan ƙashi: haƙarƙari, ƙugu, ƙoƙon kai, da cikin hanci.

Ta hancin nan ita ta fi yaudarar mutane. Kare zai riƙa atishawa, ana ganin ɗigon jini a inda ya kwana, sau da yawa daga kafar hanci ɗaya. Sai a ce ai haɓo ne, ko faɗa ya yi. Kafin a ankara, gefen fuskarsa ya tasa.

Abin da ya sa nake so masu karnukan gadi da na farauta su san wannan suna shi ne, wannan sankara tana da nawa wajen yaɗuwa, kuma wuƙar likita na iya yin maganinta. Idan a haƙarƙari take, akan yanke ƙashin da ya kamu tare da na kusa da shi, kare ya ƙara shekaru yana yawonsa. Allurar kashe ƙwayoyin daji ba ta cika tasiri a kanta ba.

Ido kaɗai ba ya bambanta ta da ostiyosarkoma. Sai an ɗauki hoton ƙashi da na huhu, sannan a gutsuro ɗan yanki na ƙullutun a duba a ɗakin gwaji kafin a sa ranar tiyata.