Ba kowane ƙaran fambel ne laifin fambel ba

A garejin Sabon Gari ko na Tudun Wada, da zarar tsohuwar mota ta fara tsuwa da safe, abin da ake ji shi ne: "Alhaji, fambel ne, a canza." Wasu ma baƙin mai ko man birki suke ɗiga masa ya yi shiru. Wannan yana ba ni takaici, domin mai yana cinye roba, ƙurar hunturu kuma ta manne a kai.

Sau da yawa fambel ɗin lafiyarsa ƙalau. Boris ɗin da ke cikin fuli ne giris ɗinsa ya bushe (fuli shi ne faifan da fambel ke zagayawa a kansa, boris kuma zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa shi juyawa), musamman fulin da ke ɗaure fambel ɗin don ya yi tauri. Ka sa bakanike ya cire fambel, ya juya kowane fuli da hannu. Mai lafiya yana juyawa sumul, shiru. Wanda ya mutu za ka ji yana gurzawa kamar da yashi a ciki, ko yana karkaɗawa.

Kuma ba dole a sayi kayan gaba ɗaya ba. Idan fulin na ƙarfe ne, galibi ana iya fitar da boris ɗin a saka sabo. Da yawa lamba 6203 suke ɗauka, amma a duba lambar jikin tsohon. Na roba kam sai dai a canza fulin.

In aka bari boris ɗin ya cije a hanyar Kaduna, fambel zai tsinke, batir ya daina caji, a motoci da dama injin ma ya ɗauki zafi.